Neman ƙarin girma zuwa Siniya (matakin Babban Lakcara) a cibiyar bincike: wai aikin fili baya shiga lissafi ne?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu taka wannan matakin. Ni ba a sashe nake ba, a cibiyar bincike ta jami'armu nake, layin masu bincike, yanzu ina mataki na 4 a CONUASS, tsarin albashin malaman jami'a, wato daidai da Lakcara I, bana na cika shekara ukun da ake buƙata kuma digiri na uku ma alhamdulillah ya kammala, toh sanarwa ta fito daga ofishin Rijistara cewa duk wanda ya isa ya cike fom ya miƙa ta hannun daraktansa. Abu biyu ne suka tsaya min a rai. Na farko, mafi yawan ƙarfina a shekarun nan ya tafi ne wajen bin ƙauyuka ina naɗar waƙoƙin tsofaffin mata, na niƙa da na daɓe da na reno, in dawo in zauna in rubuta su kalma kalma, wasu sai na koma wajen tsohuwar ta fassara min abinda take nufi don kalmomin ba a jinsu yanzu. Na haɗa rahoto babba aka yi masa bayindin yana ajiye a cibiya. Da na je tambaya sai aka ce min wai rahoto ba wallafa bane bashi da maki. Na biyu, maƙaluna sun kai adadi amma galibi da Hausa na rubuta a mujallun gida, ga shi ana ta raɗe raɗin yanzu sai da mujallun da ke cikin Scopus, wato wani jerin mujallun duniya da aka tantance. In shigar bana ko in haƙura?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Dakta, Allah ya sanya albarka a digirin. Kafin komai waye ya ce miki rahoto bashi da maki? In a baki ne kawai wani ya faɗa a ofis to kar ki ɗauka tukuna. Kowace jami'a tana da kundinta na ƙa'idojin ɗaukar aiki da ƙarin girma wanda Majalisar Malamai da Majalisar Gudanarwa suka amince da shi, shi kwamiti zai buɗe ranar zama ba maganar kowa ba. NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta ajiye abubuwa na gaba ɗaya kamar digiri na uku kafin Siniya, amma rabon maki kowa da nasa. Ki je sashen ma'aikata ki nemi kwafi, kuma ki duba shekarar da ke jikin bangon don ana sabunta shi, wani zai baki tsohon da ya yi amfani da shi tun yana Lakcara II da zuciya ɗaya ya kai ki ya baro. Ki duba musamman ɓangaren ma'aikatan cibiyoyi, yawanci tunda koyarwarku kaɗan ce sai a ɗora muku nauyin wallafa fiye da namu na sashe, amma kuma a nan ɗin ne ake samun gurbin rahoton bincike.

Ɗan Kimiyya:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko za a ji haushi, maganar Scopus ɗin nan mu muka jawo ta da hannunmu. Shekaru nawa mutane suna tura maƙala ranar Litinin da dala ɗari, Alhamis a turo musu wasiƙar karɓa, ba wanda ya karanta, ko kuskuren rubutu ba a gyara ba, suna na waje mai tsawo da adireshin da ba a san inda yake ba, a kawo a ce wallafa ce ta ƙasa da ƙasa. Sai da wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya dinga jera sunayen irin waɗannan mujallu a shafinsa kafin ya sauke jerin a farkon 2017, lokacin ne kwamitoci da yawa suka farga da irin abinda suke baiwa maki. To in jami'a ta ce ita ba zata iya bin kowace mujalla ta tantance ba, ga wani ma'auni da aka riga aka yi, laifinta ne? Malama ki daure ki fitar da ko biyu da Turanci a inda aka sani, zai miki amfani har gaba.

Malamin Hausa:
Ɗan Kimiyya kun fara ko. Kullum in aka zo nan sai ku haɗa mu da masu sayen wallafa da dala. Harsunan Nijeriya ta Bayero mujallar bogi ce? Algaita fa? Ɗunɗaye ta Sakkwato fa? Manyan malaman da suka kafa nazarin Hausa a ƙasar nan a irinsu suka yi rubutu, kuma har yau in Bature ya zo bincike kan Hausa su yake nema a laburare. Baiwar Allah nan ta naɗi waƙar daɓe daga bakin tsohuwa, wa ya fi cancanta ya duba aikin, wanda ya san daɓe ko wani edita a Landan da sai an masa bayanin menene shi a shafi uku kafin a shiga magana? In ta juya waƙar zuwa Turanci rabin abin ya zube, karin sautin da amsa amon duk sun tafi. Ma'aunin ku na kimiyya ne, ku riƙe abinku, amma a ce da shi za a auna mai nazarin adabin baka wannan zalunci ne wallahi.

Ɗan Kimiyya:
Malam ban ce mujallunku na bogi bane, Allah ya kiyaye. Amma bari in gyara wani abu da ake yawan faɗa, Scopus bata ce sai da Turanci za a rubuta maƙala ba. Abinda take nema shine take da tsakure su kasance da Turanci, jikin maƙalar ko da wane harshe ne, akwai mujallu na Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci cike a ciki. Sauran sharuɗan sune lambar rajistar mujalla ta ISSN, tantancewa ta gaskiya, bayanin ɗa'ar wallafa a fili, da fitowa akan lokaci ba fashi. A nan ne mujallunmu na gida da yawa suke faɗuwa, har da namu na kimiyya, fitowar bana sai baɗi ko bayan baɗi, shafin intanet babu, in edita ya tafi sabatikal mujallar ta tafi tare da shi. Ko shafin AJOL da aka yi don mujallun Afirka tun 1998 nawa ne daga cikin namu suka shiga? Wannan aikin namu ne ba na Bature ba.

Malamin Hausa:
Wannan kam na yarda da kai, fashin fitowa ciwo ne da muka sani. Amma kafin a gyara fa? Mutum ya zauna a mataki ɗaya saboda laifin da ba nasa ba? Ga kuɗin wallafa a waje, tun da aka saki Naira a 2023 wasu mujallun abinda suke nema ya fi albashin Lakcara I na watanni, daga ina za a ɗauko?

Hajiya Anti:
Ba duka ke karɓar kuɗi ba Malam, da yawa daga cikin tsofaffin mujallu na nazarin Afirka da harsuna marubuci baya biyan ko sisi, mai karatu ne ko laburare ke biya, sai dai in kai ka zaɓi a buɗe ta kyauta ga kowa. Abinda suke ci shine lokaci, shekara guda tana iya wucewa ana kai da komo da masu dubawa. Shi yasa ƙanwata wannan ba maganin bana bane, shiri ne na Rida, matakin da ke tsakanin Siniya da Farfesa.

Kawu Farfesa:
Salamu alaikum. Na karanta duka, bari in sa baki tunda na daɗe ina zama a irin wannan kwamiti tun daga na tsangaya har na jami'a.

'Yata, da farko ki sani a mafi yawan jami'o'inmu Siniya a cikin gida ake yanke ta, daga cibiya ko sashe zuwa tsangaya zuwa babban kwamitin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Sai an zo Rida da Farfesa ne ake ɗaure takardu a aika wa masu tantancewa na waje, yawanci mutum uku, ana neman biyu su amince. Don haka waɗanda zasu duba ki bana mutanen da suka san ki ne, amma kar wannan ya sa ki sakaci, ranar zama fayil ya kan yi tsibi a kan tebur kuma ba wanda zai tsaya neman miki abinda baki saka ba.

Abinda nake gani da idona yana kayar da mutane ba ƙarancin aiki bane. Za ka buɗe kundi ka ga fotokwafin maƙala ba bangon mujallar, ba shafin sunayen editoci, ba shafin abubuwan da ke ciki, shafi na bakwai ya bi na huɗu, lambar fitowa da aka rubuta a takardar tarihin aiki daban wadda ke jikin mujallar daban. Za ka ga mutum shekara biyu bai fitar da komai ba sai a watanni shidan ƙarshe maƙala takwas suka sauko lokaci ɗaya, uku a fitowa ɗaya ta mujallar tsangayarsu wadda shi kansa yana cikin editocinta. Za ka ga babi biyar duk a littattafan karrama malamai. Ba haramun bane, nima na rubuta a irinsu, amma kowa ya san ba a cika mayar da babi a irin wannan littafin ba don bai yi kyau ba, shi yasa wurare da yawa suka ƙayyade adadin da za a ƙirga. Sai kuma wanda ya yanka kundin digirinsa gida shida ya canza take kawai, gabatarwa ɗaya, teburi ɗaya, mai dubawa in ya kai ta uku ya gane, daga nan kuma ko mai kyan ma da zargi zai karanta ta.

Game da waƙoƙin nan, ni a wajena shine aiki mafi daraja a duk abinda kika lissafa, domin tsofaffin nan tafiya suke yi kuma injin niƙa da siminti sun kashe wuraren da ake yin waƙar. Amma rahoton da ke cikin kabad hatsi ne a rumbu, sai an kai shi kasuwa ake sanin farashinsa. Ki mai da shi littafi, da gabatarwa ta nazari, a ba masana biyu su duba su rubuta ra'ayinsu, a buga a maɗaba'ar jami'a da lambar ISBN. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tana da tallafi na mayar da rubutun malamai littafi, ki tambayi jami'in da ke kula da harkarta a wajenku yaushe ake karɓa. Bana kuma ki saka rahoton yadda yake, ki haɗa da wasiƙar da aka baki aikin da wasiƙar darakta cewa an karɓa, in kundinku ya bashi maki alhamdulillah, in bai bashi ba an dai ga inda shekarunki suka tafi.

Maman Ilham:
Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya saka da alheri. Wallahi maganar bangon mujalla da shafin editoci ban san ana dubawa haka ba, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ranka ya daɗe akwai guda biyu da aka karɓa amma basu fito ba, wasiƙar karɓa kawai gare ni, suna shiga?

Kawu Farfesa:
Wasu wuraren suna karɓar kaɗan in wasiƙar bata tsufa ba, wasu sam. Kundin zai faɗa miki. Kar dai ki dogara da su wajen cika adadi.

Na Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Ina bin zancen ga da sha'awa don mu nan Nijar tsarin daban ne. Mu ba jami'arka ke yanke maka ba, dosiye kake haɗawa a aika CAMES, hukumar ilimi mai zurfi da ƙasashen Afirka masu Faransanci sunka kafa a Yamai cikin 1968, hedikwatarta na Wagadugu. Sau ɗaya a shekara kwamitocin kowane fanni ke zama, malamai daga Senegal, Kodebuwa, Kamaru, Burkina da sauransu su duba aikinka, in ka wuce a sa sunanka cikin jerin waɗanda sunka cancanta, sannan ƙasarka ta naɗa ka. Kuma masu bincike suna da nasu tsani daban da na masu koyarwa, mataki mataki har zuwa daraktan bincike, wanda shi ne daidai da farfesa. Amfaninshi shi ne wanda ke duba ka bai san ka ba, ba gaba ba sanayya. Wahalarshi kuma in takarda guda ta ɓace cikin dosiye sai baɗi, ba wanda zaka je ka roƙa. Kuma matsalar Malama ta harshe muna da ita, mai rubutu da Hausa ko Zabarmanci dole ya yi tunanin wa zai karanta shi cikin kwamitin.

Baban Sadiq:
Na Maraɗi wannan na rashin sanayya ya burge ni gaskiya. Mu nan ko a matakin waje ɗin ma akwai wanda takardunsa zasu yi shekara biyu uku ba labari, mai tantancewa ya ajiye a ofis ya manta ko kuɗin aikin bai fito ba, shi kuma mai takardu bashi da ikon ko tambayar wa aka aika wa tunda sirri ne.

Abu Hanif:
Ni shawarata mai sauƙi ce Dakta, ki samu mutum uku huɗu a wajenku ku haɗa kai, kowa ya rubuta ɗaya ya saka sunan sauran, kafin shekara kowa yana da huɗu. Haka kowa ke yi, har waɗanda ke mana wa'azi a nan wasu haka suka hau.

Hajiya Anti:
A'a Abu Hanif, dan Allah kar ka koya mata wannan. Banda cewa ƙarya ce ka sa sunanka a aikin da baka yi ba, ko ta lissafi ma asara ce, wurare da yawa in marubuta sun yi yawa raba makin ake yi kuma ana neman a ga waɗanda kai kaɗai ka rubuta ko kai ne na farko. Sannan ka yi tunanin ranar da za a aika takardunta waje, mai nazarin waƙoƙin mata sai ga sunanta a maƙalar kiwon kaji da ta tattalin arziki, mai tantancewa zai tambaya wai ita wannan menene fanninta? Na san wadda aka dawo mata da takardu akan wannan maganar kaɗai, ba a ce aikin ya yi kaɗan ba, cewa aka yi ba a ga alƙiblarsa ba. Haɗin gwiwa na gaskiya daban, ta samu masanin kiɗa ko masanin harshe su yi aiki tare akan waƙoƙin nan kowa ya kawo nasa, wannan ba wanda zai ce komai.

Abu Hanif:
Hajiya na ji, amma ku ma manya ku duba, in aka ce adadi ake ƙirgawa dole mutane su nemi adadi. A rage yawan a duba ingancin mana, mutum ya kawo biyar mafi kyau a zauna a karanta su da gaske.

Kawu Farfesa:
Wannan maganar taka ta biyu gaskiya ce Abu Hanif, kuma ba mu kaɗai ke kukan ba, tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Francisco da ake kira DORA suna cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga, a karanta aikin kansa. Na sha faɗa a zama. Amma karantawa tana son lokaci da mutanen da suka san fannin, ƙirge kuwa kowa zai iya, shi yasa ake gudu wajensa. Ta farkon ce ban yarda da ita ba, ba kowa ke yi ba.

Manomin Boko:
Mu ma na cibiyoyin noma muna da irin damuwar Dakta. Irin shuka ɗaya kafin a sake shi ga manoma ana shafe shekaru, gwaji a tasha, gwaji a wurare daban daban, gwaji a gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa ya amince. Ku duba irin su SAMPEA da SAMMAZ da SAMNUT, wato irin wake da masara da gyaɗa da suka fito daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, manoma nawa ke cin moriyarsu, amma a takarda layi ɗaya ne. Abinda na koya shine duk aikin da kika yi ki tabbata sunanki yana jikin wata takarda mai kwanan wata da sa hannu tun a lokacin, waƙoƙin ma ki miƙa kwafin sautin ga laburare ko ma'ajiyar cibiya a baki shaidar karɓa da jerin abinda ke ciki, kar su zauna a waya ko kwamfutarki kaɗai, in ta lalace shikenan ba maki ba waƙa. Ki buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, da shafin Google Scholar ma kyauta ne, wasu fom ɗin yanzu suna tambaya.

Hajiya Anti:
Akan tambayarki ta asali ƙanwata, ni na ce ki shigar bana in dai adadin ya kai. Mu mata mun fi kowa cewa bari sai na ƙara shiryawa, namiji da rabin abinda kike da shi zai cike fom ko gezau. Ga haihuwa ga reno ga yajin aiki, na 2022 kaɗai daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas, na 2020 ma kusan wata tara, lokaci ya riga ya ci mana da yawa. Kuma ki tuna shekara ukun Rida daga ranar da Siniyarki ta fara aiki ake ƙirga ta, yawanci 1 ga Oktoba, duk shekarar da kika jinkirta a nan kin jinkirta ta a can har zuwa Farfesa, wanda su ne ke kaiwa 70 kafin ritaya sauran kuwa 65. Kuɗin kam kar ki sa rai da wuri, ariyas na ƙarin girma kowa a nan ya san yadda yake, amma kwanan watan shine naki.

Ɗan Kimiyya:
Ni kuma da zan bata shawara da ta jira shekara ɗaya littafin ya fito ta shiga da ƙarfinta, in aka mayar da mutum sau ɗaya abin yana taɓa zuciya kuma sunan yana zama a kunnen kwamiti.

Hajiya Anti:
Littafi a shekara ɗaya, da masu dubawa da maɗaba'a da jiran TETFund? Ka san ba zai yiwu ba. Kuma ma in ya fito bayan ta zama Siniya ya fi mata, ya shiga cikin sababbin ayyukan da za ta nuna na Rida, lokacin da masu karantawa na waje zasu ga darajarsa.

Maman Ilham:
Malamaina na samo kundin yau da rana, na bara waccan ne aka sabunta. Ashe akwai gurbin rahoton bincike ga ma'aikatan cibiya, makinsa bai kai na maƙala ba kuma sai an haɗa da shaidar cewa kwamitin bincike na cibiya ya duba ya amince, namu an duba amma ba a bani komai a rubuce ba, gobe in sha Allah zan shiga wajen darakta in roƙi a ciro min daga bayanan zaman. Maganar Scopus kuma daga Rida ta fara, a Siniya cewa aka yi kar mujallun jami'armu su wuce wani kaso, sauran su zama na wasu jami'o'in, na ƙirga ina ganin na tsallake amma da ƙyar in aka cire masu wasiƙar karɓa. Zan shigar. Baba Farfesa in ba damuwa ko zan iya turo muku jerin maƙalun ku duba min tsarin kafin in kai bayindin?

Kawu Farfesa:
Turo 'yata. Ki jera su daga tsohuwa zuwa sabuwa, ki sa alama a waɗanda suka fito bayan ƙarin girmanki na ƙarshe, lambar kowacce a jerin ta zama ita ce a jikin kwafin. Kuma kar ki kai bayindin sai darakta ya baki takardar nan a hannu, a ɗinke ta a gaban rahoton.